MAI FITO A BAKIN MASU LABARI: Sharhi Kan Yadda Adabin Hausa Ya Siffanta Ma'abuta Jirgin Ruwa

Gabatarwa

Wanda ya ji an ce za a yi magana a kan ma'aikatan jirgin ruwa, kuma aka ce daga ƙasar Gobir za a faro ta, ba mamaki ya yi murmushi ya ce, me ya gama kifi da kaska? Gaskiyarsa, domin tsakanin Tozai da bakin teku akwai fiye da mil 500. Amma fa ƙasar Isa da Sabon Birni ƙasar gulabe ce. A wannan yanki ne ruwan Bunsuru da na Gagare da Gulbin Maraɗi su ke tattaruwa su zama gulbin Rima, kuma kusa da wannan ruwa ne Gobirawa suka kafa birninsu na Alƙalawa, wanda aka ci cikin 1808. Da rani yaro ya kan ratsa waɗansu mashigai da ƙafa, ba abin da zai taka sai rairayi. Amma in damina ta yi nisa, gulbi ya kawo, to, mai zuwa kasuwa, da mai kai majinyaci asibiti, da 'yan rakiyar amarya, duk sai sun miƙa rayukansu ga mutum guda, watau mai fito, wanda ke tsaye a ƙarshen jirgi da gora ko filafili a hannu.

Tun da ya ke mutum ne wanda a ke danƙa wa rai, ya kamata mu tambayi abin da adabinmu ya faɗa game da shi, da ɗan'uwansa matuƙin jirgin teku. Abin da wannan takarda za ta nuna shi ne, masu labarinmu sura biyu kaɗai suka ba shi: ko dai mai asiri, ko kuwa ɗan iska. Surar da ta fi dacewa da shi, watau ta ma'aikaci mai horo wanda ke ɗauke da amana, ita ce aka bari a baya, kuma wannan rashi yana da hannu cikin asarar da mu ke yi kowace damina.

Sura ta Fari: Mai Asiri

Mu fara da tatsuniya. Wanda ya duba waɗanda Frank Edgar ya tattara cikin Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, da aka buga kashi uku tsakanin 1911 da 1913, ya gama su da waɗanda muka ji a bakin kakanninmu, zai ga kogi ya kan zo cikin labari a matsayin iyaka tsakanin duniyar mutane da wata duniya. Yarinya ta iske ruwa ya cika, sai ta yi wa Dodo alkawari don ya janye mata shi. Gizo ya so ƙetarewa, sai ya yaudari kada ko dorina. Galibi da alkawari, ko wayo, ko waƙa a ke haye ruwan tatsuniya. Ba safai za ka ji an zo bakin gulbi an iske mutum da jirginsa, ya duba ruwa, ya jera kaya, ya ƙetarar da jama'a lafiya don ya san aikinsa ba.

Haka kuma makaɗan fada na wannan yanki, waɗanda Ibrahim Narambaɗa na Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, ya ke kan gabansu. Sun saba kamanta sarki da gulbin da ya cika ya batse, ko da kada, ko da dorina, su kamanta magabci da wawan da ya faɗa ruwa bai san zurfinsa ba. Siffa ce mai ƙarfi ƙwarai, ba mai musun haka. Amma a lura, ruwa ne ke samun yabo, da namun da ke cikinsa. Talakan da ke ratsa wannan ruwa sau goma a yini ba shi da wuri cikin baitin.

Inda a ke ambatonsa sosai shi ne cikin labarun Sarkawa, watau masunta da matuƙan nan na asalin ƙasar Kabi, waɗanda masana tarihi ke danganta sunansu da Sorko na ƙasar Songai, waɗanda kuma suka bazu har Yawuri da Binuwai da tafkin Cadi. Kowa ya san abin da a ke faɗi game da Basarke: ya kan nutse ya daɗe ba a gan shi ba, kada ba ta taɓa shi, ya kan fid da ƙayar kifi daga maƙogwaron mutum da tofi, kuma tsakaninsa da 'yan ruwa akwai amana. Ba aikin wannan takarda ba ne ta yanke hukunci kan waɗannan abubuwa. Abin da ya dame mu shi ne abin da mai labari ya zaɓa, da abin da ya zubar.

Ga misali. Bikin kamun kifi na Argungu ya kafu a kan surarsa ta yanzu tun 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, kuma cikin 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin abubuwan gado na duniya. Tambayi wanda ya je kallo abin da Sarkin Ruwa ke yi, zai ce maka yana gyaran ruwa, yana ɗaure bakin kada. Ba zai tuna ya gaya maka cewa an hana su a Matan Fada kafin lokacin biki don kifi ya hayayyafa ba, ko cewa ba mai shiga ruwa sai an ba da izini, ko cewa an ƙayyade kayan kamu, watau homa da gora. Wannan duka doka ce da tsari, kuma kiyaye su shi ne babban nauyin sarautar. Amma doka ba ta da daɗin labari kamar asiri, saboda haka sai aka riƙe ɗaya aka saki ɗaya.

Irin wannan yabo yana da illa a ɓoye. In mai fito ya haye lafiya, sai a ce layarsa ce. In jirgi ya kife, sai a ce 'yan ruwa ne suka yi fushi. Ta kowane gefe an janye hannun mutumin daga aikinsa: ba a gode masa don ƙwarewa, ba a kuma tuhumarsa don sakaci.

Sura ta Biyu: Ɗan Iska

Sura ta biyu daga idon manomi ta fito. Jama'ar da arzikinta ke cikin gandu, mutuncinta kuma ke cikin zaman gida, ba ta cika amincewa da wanda ke bin ruwa ba. Masunci ya kan bar gida wata da watanni, ya kafa tunga a bakin ruwa, in kifi ya ƙaura shi ma ya ƙaura. Sai mutanen tudu su ce ba ya ajiya, abin da ya samu da safe ba ya kai dare. Ko karin maganar nan da ke cewa zama wuri ɗaya tsautsayi, a bakin kifi aka sa ta, kamar dai ana nufin rashin natsuwa halin ma'abuta ruwa ne.

Da zamani ya sake, sai wannan zato ya sami ƙari daga bakin teku. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano cikin 1911, ta iso Ƙauran Namoda cikin 1929, sai hanyar Kudu ta buɗe wa mutanen Gobir da Zamfara. 'Yan cin rani da fatake suka sauka Ikko da Akara da Sekondi, suka ga ma'aikatan jiragen kamfanin Elder Dempster, Turawa da mutanen Kuru na Laberiya da mutanen Kudancin Nijeriya. Amma yaushe suka gan su? Ranar saukarsu, bayan an biya su lada, suna neman inda za su huce gajiya. Watau mutanenmu sun ga yini ɗaya, ba su ga makonnin da suka gabace shi ba. Labarin wannan yini ɗaya aka kawo gida, aka gama shi da siffar ɗan bariki, mashayi, mai mace a kowace tasha. Su kansu Turawa haka suka daɗe suna siffanta matuƙansu cikin waƙoƙi da wasanni, don haka zaton ya sami mai ƙarfafa shi.

To, da aka zo ga rubutaccen labari fa? Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya cikin 1933 ta haifar da littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East. Cikin taurarinsu akwai malami, akwai mayaƙi, har da ɓarawo, amma babu matuƙi. Littafin da ke ɗauke da sunan ruwa ma, ruwansa na magani ne da a ke nema a ƙasar aljannu, watau bai fita daga kewayen tatsuniya ba. Ba laifi mu ke ɗora wa waɗannan magabata ba, domin kowa abin da ya sani ya rubuta. Sai dai tafarkin da suka share shi na baya suka bi, kuma bai bi ta bakin mashigi ba.

Kada a ce Hausawa ba su hau teku ba. Dorugu, yaron nan da ya bi Heinrich Barth, ya ƙetare Bahar Rum daga Tarabulus cikin 1855, kuma J. F. Schön ya buga labarinsa cikin Magana Hausa a 1885. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya tafi Ingila da Makka ta jirgin ruwa cikin 1921. Dubban sojojinmu na runduna ta 81 da ta 82 an kwashe su ta teku zuwa Indiya cikin 1943 da 1944 don yaƙin Boma. Alhazan ƙafa kuwa ƙarni da ƙarni suna ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda. Amma dukansu fasinjoji ne. Fasinja ya kan ga girman jirgi, da raƙuman ruwa, da jirin da ya kama shi. Ba ya sauka ɗakin inji, ba ya farkawa tsakar dare ya ga wanda ke tsaron hanya. Ko Sindibad na cikin Dare Dubu da Ɗaya, wanda a ke yi wa laƙabi da teku, in ka duba da kyau falke ne mai biyan kuɗin jirgi, shugaban jirgi kuwa ba a cika ganinsa ba sai sa'ad da ya ke tsige gemu yana sanar da halaka. A taƙaice, adabinmu na ruwa adabin fasinja ne.

Aikin Kansa

Yanzu mu bar abin da a ke faɗi, mu dubi abin da a ke yi. Mai fito na ƙwarai ya kan riga kowa zuwa mashigi. Ya kan duba alamar da ya kafa a gaɓa don ya san ko ruwa ya ƙaru da dare. In ya ga ruwa ya yi ja, yana tafe da kumfa da karare, ya san an yi ruwan sama a ƙasar Katsina ko Zamfara ko da nan ba a ga ɗigo ba, kuma ƙari na nan tafe. Ya san inda tudun rairayi ya koma bana, domin ba ya zama inda ya ke bara. Ba ya yanke gulbi kai tsaye: ya kan nufi sama, ya bar ƙarfin ruwa ya sauko da shi daidai inda ya ke so. Wajen lodi, buhuna a ƙasa a tsakiya, babur a kwance, dabba a ɗaure, mutane a zaune, ba mai miƙewa sai an taɓa gaɓa. Ya kan auna da hannunsa abin da ya rage tsakanin bakin jirgi da fuskar ruwa, in bai kai ba ya sauke kaya. In hadari ya taso, ko rana ta faɗi, ya ɗaure jirgi.

Wannan ilmi ba a samunsa da dare ɗaya. Yaro ya kan fara da ƙwarya yana kwarfe ruwa, sa'an nan a ba shi filafili a gaba, sa'an nan gora, sai bayan shekaru a bar masa ƙarshen jirgi. Darasin da ya fi wuya kuwa shi ne cewa a'a. Mutum ya dubi surukinsa, ko manzon hakimi, ko attajiri mai sauri, ya ce jirgi ya cika, a jira sahu na biyu: wannan ita ce jarrabawar mai fito, kuma ba layar da ke ɗauke masa ita.

Abin sha'awa ne a san cewa a Bahar Maliya da tekun Indiya, Larabawa mu'allim su ke kiran mai ja-gorar jirgi, kalmar da ke da tushe ɗaya da malam namu. Mafi shahara cikinsu, Ahmad ibn Majid, ya rubuta Kitabul Fawa'id wajen 1490, inda ya tsara ilmin taurari da lokatan iska da alamun gaɓa, tare da halin da ya wajaba matuƙi ya riƙe. Wanda muka ɗauka mai tsafi ko ɗan iska, waɗanda suka zauna da teku malami suka kira shi.

A jirgin teku na zamani kuwa horon nan rubuce ya ke. An raba dare da yini kashi-kashi, mai tsaro ya tsaya awa 4 ba gyangyaɗi, kuma duk abin da ya auku a shigar da shi cikin littafin jirgi. A jikin kowane babban jirgi akwai zanen da ke nuna iyakar nauyin da zai ɗauka, wanda Samuel Plimsoll ya yi ta fama a majalisar Ingila har aka wajabta shi cikin 1876, domin masu jirage na cika lodi ma'aikata na halaka. Ashe ma'aunin da mai fito ke yi da hannu shi ne Turawa suka zana da fenti. Bayan nutsewar Titanic cikin 1912, inda fiye da mutum 1,500 suka mutu, aka ƙulla yarjejeniyar kare rayuka a teku cikin 1914. Cikin 1978 aka kafa ƙa'idar horon ma'aikata da tsaro, wadda gyaran da aka yi mata a Manila cikin 2010 ya ƙayyade har yawan barasar da za a iya samu a jinin ma'aikaci yana bakin aiki. 'Yan Nijeriya ma sun san wannan rayuwa: cikin 1959 ma'aikatan jirgin Apapa suka ajiye aiki a Liverpool don ƙin wariyar da a ke nuna musu, kuma daga 2021 zuwa 2023 mutumin Kano, Awwal Zubairu Gambo, shi ne shugaban sojan ruwa na ƙasa. Duk da haka siffar da ke bakinmu ba ta motsa ba.

Amana

Abin mamaki, malaman fiƙihu sun fi masu labari ganin wannan mutum. Cikin Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda kowane almajirin ilmi a ƙasar Hausa ke karantawa, akwai hukunci biyu game da mai jirgi. Na fari, in jirgi ya nutse ba a tilasta masa ramuwar kaya, kuma masu sharhi suka bayyana cewa wannan sai in bai yi sakaci ko ƙetare haddi ba. Na biyu, ba ya cin ladansa sai ya isar. A dubi yadda hukuncin biyu suka haɗu: shari'a ta ɗauke shi amintacce, ta kuma ɗaure haƙƙinsa da isar da abin da aka danƙa masa. Ba ta tambayi layarsa ba, abin da ta tambaya shi ne, ya kiyaye ko ya yi sakaci?

A nan ne ya kamata mu sake duban karin maganar nan, iya ruwa fid da kai. Ga mai iyo gaskiya ce tsantsa. Amma in mai fito ya riƙe ta, jama'a sun shiga uku, domin shi iya ruwansa fid da wasu ne, kansa kuwa sai daga ƙarshe. Harshenmu ya tanadi karin magana ga wanda ke ceton ransa, ya tanadi wata ga wanda ruwa ya ci har ya kama takobi, amma da wuya ka sami wadda ta shahara game da wanda rayukan wasu ke hannunsa a kan ruwa.

Wani marubucin Ingilishi ya gina littafi sukutum a kan wannan tambaya. Cikin Yuli 1880 wani jirgi mai suna Jeddah ya taso daga Singafo da Penang da alhazai wajen 950. Da ya lalace kusa da gaɓar Somaliya, ruwa ya fara shiga, sai kyaftin da waɗansu manyan ma'aikatansa suka sauka cikin ƙaramin jirgi da dare, suka bar alhazai. Suka isa Adan suka ce jirgi ya nutse. Ba a jima ba sai ga shi wani jirgi mai suna Antenor ya jawo shi, alhazai na ciki da ransu. Kotun bincike ta dakatar da takardar kyaftin ɗin shekara 3. Joseph Conrad, wanda shi kansa matuƙi ne da ya sami takardar shugabancin jirgi cikin 1886, ya ɗauki wannan al'amari ya gina Lord Jim a kansa cikin 1900. Babu aljani cikin littafin, babu dodo. Saurayi ne ya yi tsalle guda cikin firgita, ya bar amanarsa, sauran labarin duka kuwa yadda ya rayu da kunyar wannan tsalle ne. Wannan ya isa shaida cewa aikin matuƙi, in an dube shi da idon basira, yana iya ɗaukar babban labari ba tare da aron abin al'ajabi ba.

Amma littafin yana da nasa giɓi. Alhazan da ke cikin jirgin taro ne kurum, ba suna, ba murya. Conrad ya san ma'aikaci, bai san fasinja ba, mu kuwa mun san fasinja, ba mu san ma'aikaci ba. Marubucin Hausa, wanda kakanninsa suka zauna cikin irin wancan jirgi, wanda kuma mai fito maƙwabcinsa ne, yana da damar rubuta gefen biyu gaba ɗaya.

Abin da Rashin Ya Jawo

Wani zai ce, duk wannan zancen littafi ne, me ya shafi talaka? Ga abin da ya shafe shi. Cikin Mayu 2021 jirgin da ya nufi Warra a Jihar Kebbi da mutum fiye da 150 ya nutse a kogin Kwara, kaɗan suka tsira. Cikin Afrilu 2022 mutum 29 na ƙauyen Gidan Magana a ƙasar Shagari suka rasu a ruwa, galibinsu yara da matasa. Cikin Agusta 2025 jirgin da ya ɗauko mutum fiye da 50 zuwa kasuwar Goronyo ya kife. Jirgin Joola na Senegal da aka gina don mutum ƙasa da 600 ya kife cikin Satumba 2002, aka ƙidaya mamata 1,863. Abin da a kan samu in an bincika irin waɗannan haɗura kusan ɗaya ne: lodi ya wuce kima, jirgi ya tsufa, ba rigunan ceto.

A lura da yadda mu ke faɗin irin wannan labari. Mu kan ce ruwa ya ci su. Ruwa ne mai aikatawa cikin jimlar, mutane kuwa abinci. Sa'an nan mu ce kwana ya ƙare, mu rufe zance. Imani da ƙaddara wajibi ne, amma addinin da ya koya mana shi, shi ne ya umurce mu mu ɗaure raƙumi kafin mu dogara. Jama'ar da ta saba jin cewa sha'anin ruwa asiri ne ba za ta tambayi mutum nawa aka ɗora ba. Saurayin da ya gaji jirgi, ko ya saya ya ɗaura masa inji, in ya taso yana jin cewa laya ke tsare matuƙi, zai nemi laya ya bar koyo. In kuma an ɗauki masu jirgi duka 'yan iska, to, ba za a bambanta mai kiyayewa da mai sakaci ba, kuma wanda ya yi shekara 30 bai taɓa zubar da ko akuya ba zai mutu ba wanda ya yi masa kirari.

Adalci ya sa a faɗi cewa nauyin ba na mai fito kaɗai ba ne. Fasinja ne ke roƙo a ƙara shi ko da jirgi ya cika, shi ne kuma ke zagi in an ƙi. Mashigai da yawa ba su da gada. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, wadda aka kafa cikin 1997 da helkwata a Lakwaja, ta hana tafiyar dare ta kuma wajabta rigar ceto, amma doka ba ta tsaron kanta a mashigin ƙauye. Ga kuma masifar 'yan bindiga da ta addabi ƙasar Isa da Sabon Birni musamman cikin 2020 da 2021 da bayansu, wadda ta sa mutane ke isowa bakin gulbi a guje, mata da goyo, kowa na neman hayewa sahu ɗaya. Mai fiton da ya tsaya a wannan hali, in ya ɗauke su duka jirgi ya nutse, in ya bar wasu ya san abin da ya bar su da shi, yana fuskantar tambayar da ta fi ta Jim nauyi.

Kammalawa

Shawara biyu za mu bayar. Ta fari ga ɗaliban nazarin Hausa: a je wurin tsofaffin masu fito da Sarkawa tun suna raye, a rubuta sunayen sassan jirgi, da na igiyoyin ruwa, da ƙa'idodin lodi, da abin da uba ke hana ɗansa. An yi ƙoƙari wajen tattara magunguna da kirari, saura a tattara ilmin aikin. Ta biyu ga masu ƙaga labari da masu waƙa: ga tauraro nan tsaye a bakin mashigi, da gorarsa, da tsoronsa, da a'ar da ya ke faɗa wa manya. Ba ya bukatar a ara masa aljani kafin ya cancanci littafi. Ranar da aka rubuta shi yadda ya ke, yaron da ke kwarfe ruwa zai san abin da a ke nema gare shi, fasinja kuma zai san abin da ya kamata ya tambaya kafin ya sa ƙafa cikin jirgi.

Allah ya ƙetarar da mu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka rasu a ruwa, amin.